Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi: Gasa Da Barkwanci Tsakanin Mutanen Ailan

Da yawa daga cikin dattawan ma'aikatanmu da suka yi karatu a makarantun mishan na Kaduna da Jos sun zauna a gaban malamai 'yan ƙasar Ailan, watau fada-fada da sistoci na ɗarikar Katolika. Mu a wurinmu duk Turawa ne, launi ɗaya, harshe ɗaya, in an tsananta bincike a ce ai waɗannan 'yan Ailan ne, ba Ingilishi ba. Amma su a tsakaninsu ba haka suke duban juna ba. Da zarar biyu sun gamu, ko a Legas ne ko a Landan, abin da za a fara tambaya shi ne gunduma, kuma sau da yawa ma ba a bukatar tambayar, domin mutum na buɗe baki harshensa ya tona asirinsa. Daga nan sai zolaya ta ɓarke, wannan ya ce wa wancan marowaci, wancan ya ce wa wannan baƙauye.

Tsibirin Ailan ya ɗan ɗara Jihar Neja girma kaɗan, mutanensa kuwa wajen miliyan 7 ne. Duk da wannan ƙanƙanta, da wuya a sami wata ƙasa a Turai inda mutum yake riƙe da sunan gundumarsu kamar yadda suke yi. Yana da kyau mu duba asalin abin, da amfaninsa, da kuma inda yake wuce wasa.

ASALIN GUNDUMOMIN

An raba tsibirin lardi huɗu, watau Lenista a gabas mai gunduma 12, da Munsta a kudu mai 6, da Konak a yamma mai 5, da Alsta a arewa mai 9. Jimilla gunduma 32 ke nan. Tun da aka raba ƙasar a 1921, gunduma 26 suna cikin ɓangaren da ya zama Jamhuriyar Ailan, sauran 6 na lardin Alsta kuwa su ne Ailan ta Arewa, wadda take ƙarƙashin Birtaniya har yanzu.

Lardunan tsofaffi ne, sun samo tushe daga masarautun gargajiya. Gundumomin kuwa, abin mamaki, ba 'yan ƙasa ne suka shata su ba. Bayan da mayaƙa daga Ingila suka sauka a tsibirin a 1169, sai sarakunan Ingila suka riƙa yanka ƙasar kaɗan-kaɗan don sauƙin karɓar haraji da zartar da shari'a. Aikin ya ɗauki shekara fiye da 400, ba a gama ba sai a 1606 da aka ƙirƙiro gundumar Wiklo. Akwai ma gunduma biyu da aka raɗa wa suna Gundumar Sarki da Gundumar Sarauniya a 1556, sai a zamanin neman 'yanci aka mayar musu da sunayensu na gida, Ofali da Lish. Watau iyakar da mai mulkin mallaka ya ja don biyan bukatar kansa, ita ce yau jikokin waɗanda aka mallaka suke rantsuwa da ita.

WASA NE YA HURA WUTAR

Mai karatu zai so ya san yadda aka yi haka. Babban dalili shi ne wasa. Ranar 1 ga Nuwamba, 1884, wani malamin makaranta mai suna Michael Cusack ya tara wasu 'yan tsirarun mutane a wani otal a garin Thurles, suka kafa ƙungiyar raya wasannin gargajiya wadda aka fi sani da GAA. Nufinsu shi ne su janye matasa daga wasannin Ingilishi. Wasa biyu suka fi bai wa ƙarfi. Na farko ƙwallo ne da ake bugawa da ƙafa a kuma kama da hannu. Na biyu shi ne wanda suke kira "hurling", ya yi kama da ƙwallon gora, sai dai sandar tana da faɗi a baki, kuma galibi a sama ake dukan ƙwallon da gudun gaske.

Hikimar da suka yi ita ce tsara ƙungiyar bisa mahaifa. Kowace unguwar coci tana da kulob ɗinta, kowace gunduma kuma tana zaɓen gwanayenta daga waɗannan kulob-kulob. Ba a sayen ɗan wasa, ba a sayar da shi, ba a kuma biyansa albashi. Wanda jama'a fiye da 82,000 suka yi wa tafi ranar Lahadi a filin Croke Park na Dablin, ranar Litinin yana iya zama shi ne malamin ɗanka ko ɗan sandan garinku. Kafin wannan tsari, a ƙarni na 19, ƙauyuka da dangogi sukan yi arangama da kulake a ranakun kasuwa har a yi asarar rayuka. Ƙungiyar ta kwashe wannan zafin jini ta zuba shi cikin fili mai alƙali da usur.

Tun 1887 ake gasar cin kofin ƙasa, kuma kowane yaro ya san lissafin. Ya zuwa 2025, gundumar Keri ta ci kofin ƙwallo sau 39, Dablin sau 31. A wasan sanda kuwa Kilkeni ce gaba da 36, sai Kok da 30, sai Tiferari da 29. Dattawa har yanzu suna labarin karon battar Keri da Dablin na shekarun 1970, da kuma yadda Keri ta ci kofi sau huɗu a jere, tana neman na biyar a 1982, sai wani ɗan wasan Ofali mai suna Seamus Darby ya shigo daga benci ya zura ƙwallo ana dab da tashi, ya ɓata mata lissafi. Dablin ce daga baya ta ci sau shida a jere, daga 2015 zuwa 2020.

Ba gundumar da ake tausaya wa, ake kuma zolaya, kamar Mayo. Rabonta da kofi tun 1951, kuma daga 1989 zuwa 2021 ta kai wasan ƙarshe sau 11, duk ta faɗi. Jama'a suka ƙaga labari cewa wai 'yan wasan 1951 suna komawa gida da kofi sun wuce ana jana'iza a garin Foxford ba su tsaya ba, wani fada ya yi musu baki cewa Mayo ba za ta sake ci ba sai dukansu sun mutu. Waɗanda abin ya shafa sun sha musanta labarin, amma ya fi gaskiya daɗin faɗi, saboda haka ya zauna.

In ana son a ga ƙarfin wannan aƙida, a dubi garin Ballaghaderreen. A 1898 gwamnati ta cire shi daga Mayo ta sa shi cikin Roskomon. Yau shekara fiye da 120 ke nan, amma kulob ɗin garin har gobe a gasar Mayo yake wasa. Haka kuma a 2017 wani kwamiti ya ba da shawarar a yanki wani ɗan yanki na Kilkeni a ƙara wa birnin Wotafod, tun da yake birnin ya riga ya tsallaka kogi ya bazu a can. Takardun ra'ayi fiye da 19,000 aka aika wa kwamitin, kusan duka na ƙin yarda, har ministan da abin ya shafa ya ajiye shawarar.

KOWA DA TAMBARINSA

Kusan kowace gunduma tana da kirari, tana kuma da abin gori. Keri ana ce mata Masarauta. Mid ana ce mata Gundumar Sarauta saboda tudun Tara, mazaunin manyan sarakunan da. Mutanen Kilkeni su ne Kyanwoyi, daga wata tatsuniya ta kyanwa biyu da suka yi ta faɗa har suka cinye juna, wutsiyoyi kaɗai suka rage. Mutanen Galwe su ne 'Yan Dangi, saboda gidajen attajirai 14 da suka riƙe birnin shekaru aru-aru. Na Wesfod Masu Rawayan Ciki ne, na Roskomon kuwa Ɓarayin Tumaki, kuma ba su fushi da sunan.

Mutumin Kaban shi ne marowacin ƙasa. Ana cewa wai a cikin aljihun tebur yake ajiye kwanon abincinsa, yana jin baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ya tura ya rufe. Wani mai ban dariya, Niall Tóibín, shi ya baza irin waɗannan labarai a dandali da talabijin. Amma a bayan dariyar akwai tarihi, domin ƙasar Kaban 'yan tuddai ce da tafkuna, gonakinta ƙanana ne masu jiƙa, wanda bai iya tattali ba ba ya kai baɗi.

Mutumin Keri kuwa fuska biyu aka ba shi. A labaran dariya shi ne wawa, musamman tun da wani malamin lissafi na jami'ar Kok, Des MacHale, ya tattara su cikin littafi a 1976. A nan akwai abin lura. Ingilishi sun daɗe suna ba da labaran wauta a kan mutumin Ailan, sai shi kuma ya sauke kayan a kan na Keri, wanda yake can ƙuryar kudu maso yamma. A zahiri kuwa kowa ya san na Keri da wayo, ka yi masa tambaya ya amsa maka da wata tambayar, kuma tun kafin wasa ya yi ta yabon abokin karawarsa yana cewa su kam bana ba su da ƙarfi.

Gorin mutumin Kok shi ne jin kai. Ana cewa in ka ga ya raina kansa, to, ya ɗauka daidai yake da sauran mutane. Suna kiran birninsu hedkwatar ƙasa ta ainihi, gundumarsu kuma Gundumar 'Yan Tawaye. Sunan ya faro ne tun 1491, sa'ad da birnin ya karɓi Perkin Warbeck mai da'awar gadon sarautar Ingila, ya kuma ƙara ƙarfi a yaƙin neman 'yanci, lokacin da dakarun Birtaniya suka ƙone tsakiyar birnin a Disamban 1920. Jagoran wannan yaƙi, Michael Collins, ɗan gundumar ne, a cikinta kuma aka harbe shi a 1922. Jack Lynch, wanda ya yi Firayim Minista sau biyu, tun kafin ya shiga siyasa ya riga ya ci wa Kok lambar kofin ƙasa shida a jere, daga 1941 zuwa 1946. Har a wajen shayi suna da nasu: mutumin Kok Barry's yake sha, ya bar wa na Dablin Lyons. A birnin Kok ɗin ne kuma reshen Ailan na ƙungiyar mishan ta SMA yake da hedkwata, wadda ta turo fada-fada masu yawa zuwa Nijeriya.

Bahaushe ba zai ji wannan baƙo ba, tun da ya san abin da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari. Bambancin shi ne, namu barkwancin yana da abokin wasa takamaimai, nasu kuwa kowa na iya taɓa kowa.

ƊAN BIRNI DA BAƘAUYE

Babbar ɓaraka ita ce tsakanin Dablin da sauran ƙasa. Mutumin Dablin yana kiran duk wanda ya fito daga wajen birni "culchie", watau baƙauye. Wasu sun ce kalmar daga sunan garin Kiltimagh na Mayo ta fito, wasu kuma sun ce daga kalmomin harshensu masu nufin bayan gida, domin ta ƙofar baya talaka yake shiga gidan mai ƙasa. Shi kuma na karkara ya rama da "jackeen", yana gorin cewa 'yan Dablin ne suka riƙa kaɗa tutar Birtaniya in sarki ko sarauniya sun zo ziyara. Gorin yana da tushe, domin shekaru da yawa ikon Ingila bai wuce Dablin da kewayenta ba. A cikin Dablin ɗin ma kogin Lifi ya raba mutane biyu, na kudu ana ganinsu masu kuɗi da iyayi, na arewa talakawa masu kaifin baki.

A ƙarƙashin zolayar akwai miki. Yammacin ƙasar duwatsu ne da fadamu, can ne kuma aka kora masu filaye 'yan Katolika a zamanin Cromwell, cikin shekarun 1650. Babbar yunwar da ta faro a 1845 ta kashe wajen mutum miliyan 1, wasu miliyan 1 suka yi ƙaura, kuma yamma ce ta fi jin jiki. A 1841 Mayo tana da mutum wajen 388,000, amma a ƙidayar 2022 ba su cika 138,000 ba. Litirim ta faɗo daga 155,000 zuwa 35,000. Dablin kuwa a wannan ƙidaya tana da mutum fiye da miliyan 1.4 cikin miliyan 5.1 na Jamhuriyar, watau fiye da rubu'i. Mutanen Donegal suna kiran gundumarsu wadda aka manta, domin tun shekarun 1960 ba jirgin ƙasa da yake shiga cikinta, kuma wani ɗan siririn yanki ne kawai ya haɗa ta da sauran Jamhuriyar.

Gwamnati ta taɓa yunƙurin gyara. A Disamban 2003 Ministan Kuɗi, Charlie McCreevy, ya ba da sanarwar za a kwashe ma'aikatan gwamnati 10,300 daga Dablin a rarraba su a wurare 53 cikin gunduma 25. Manyan ma'aikata da yawa suka ƙi tafiya saboda iyali da makarantun yara, masu suka kuma suka ce an zaɓi garuruwan ne da idon zaɓe. Wajen sulusi kaɗai suka tashi, a 2011 aka soke shirin. Ofis yana da sauƙin ɗauka a takarda, amma mutum ba ya bin takarda in ba a shirya masa inda zai sauka ba.

HARSHE SHI NE SHAIDA

Harshen asali na ƙasar, wanda suke kira Gaeilge, yana da manyan karori uku, na Munsta da na Konak da na Alsta. In za a tambayi mutum lafiyarsa, na Munsta zai ce "Conas atá tú?", na Konak ya ce "Cén chaoi a bhfuil tú?", na Alsta kuma ya ce "Cad é mar atá tú?". Dankalin Turawa, abincinsu na yau da kullum, "práta" ne a kudu, "fata" a yamma, "préata" a arewa. Karin Alsta ya fi kusa da harshen tsaunukan Sikotlan, har yana da wata kalmar korewa irin tasu.

Sa'ad da aka zo daidaita harshen don makarantu da ofisoshi, ba wanda ya yarda a ɗauki karin wani a bar nasa, saboda haka daidaitacciyar ƙa'idar da gwamnati ta fitar a 1958 tsintar nan da can ce. Ta sauƙaƙa aikin rubutu, amma tsofaffin ƙauye sun daɗe suna cewa harshen littafi ne wanda ba uwar da ta taɓa yi wa ɗanta magana da shi. Abin da ya fi kusantar da karorin shi ne gidan rediyon da aka buɗe musu a 1972 da gidan talabijin na 1996, inda kowa yake magana da karin garinsu har kunnuwa suka saba. Duk da haka harshen yana cikin haɗari. A ƙidayar 2022 mutum wajen miliyan 1.9 suka ce sun iya shi, amma waɗanda suke magana da shi kullum a wajen makaranta ba su cika 72,000 ba.

Turancin da mafi yawansu suke yi shi ma ya sha ruwan harshen gida. Tun da Gaeilge ba shi da kalma guda ta "i" ko "a'a", sai ka tambayi mutum ko zai zo, ya maimaita maka aikatau ya ce zai zo. Mutumin Kok yana magana muryarsa na hawa da sauka kamar mai rera waƙa, yana rufe zance da "boy" ko da tsoho yake yi wa magana. Na Keri yakan buɗe da "yerra" in zai rage wa abu nauyi. Mutanen arewa kuwa komai "wee" ne a wurinsu, watau ɗan ƙarami, kalmar da suka gada daga 'yan Sikotlan da aka zaunar a Alsta tun daga 1609. A 'yan shekarun nan masana harshe sun lura cewa wani sabon karin Dablin yana yaɗuwa cikin matasa, musamman 'yan mata, har a garuruwa masu nisa, abin da yake damun masu kishin karin gida.

INDA WASA YA ƘARE

A Ailan ta Arewa ne bambanci ya wuce dariya. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa yarjejeniyar sulhu ta 10 ga Afrilu, 1998, wajen mutum 3,500 suka rasa rayukansu a rikici tsakanin masu son zama da Birtaniya, galibi 'yan Furotesta, da masu son haɗewa da Jamhuriyar, galibi 'yan Katolika. A lokacin mutane sun ƙware wajen gane ɓangaren mutum ba tare da tambaya ba: daga sunansa, daga makarantar da ya yi, har daga yadda yake furta harafin H, domin ɗan makarantar Katolika "hec" yake cewa, ɗan ta Furotesta "ec". Birni na biyu a yankin yana da suna biyu, Deri a bakin wasu, Landanderi a bakin wasu, tun da aka liƙa masa sunan Landan a 1613, kuma wanda ka zaɓa ya nuna inda ka dosa. Alamar da take jawo dariya a Kok, a Belfas tana iya jawo makoki.

Me ya raba biyun? Tsakanin Keri da Kok ba wanda yake tsoron ɗayan zai ƙwace masa aiki, ko gida, ko ƙuri'a saboda asalinsa, kuma akwai filin da za a je a kara a tashi. A Arewa kuwa an shafe shekaru rabon aiki da gidajen gwamnati da shata mazaɓu suna bin layin addini, abin da ya haddasa zanga-zangar neman haƙƙi a 1968. Inda aka yi adalci a rabo, gori ba ya wuce fatar baki.

Abin sha'awa shi ne ƙungiyar GAA ba ta taɓa amincewa da iyakar 1921 a tsarin gasarta ba. Gundumar Dawun ta fara tsallakar da kofin ƙwallo zuwa Arewa a 1960, Arma kuma ta ci shi a 2002 da 2024, ko da yake a can 'yan Katolika ne akasari suke wasan. A filin Croke Park kuwa ba a raba 'yan kallo. Mai rigar Dablin yana zaune kafaɗa da kafaɗa da mai rigar Mayo, su yi ta cusa wa juna magana har a tashi, sa'an nan wanda aka ci ya miƙa hannu ya ce sai baɗi.